Na sauya wa kilas fakej kawai, @ConditionalOnMissingBean ya daina aiki. Yaushe Spring ke auna sharaɗi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako a kan Spring Boot 3, tsarin rubuta manhaja da Java. Manhajar da muke rubutawa tana tura wa iyaye saƙon tes idan sakamakon jarrabawa ya fito. Muna da intafes mai suna `MaiAikaSako`, kuma hanya biyu ake cika shi: ta gaske mai kiran kamfanin tura saƙo, da ta gwaji wadda ke rubuta saƙon a log kawai don kada kuɗi su riƙa tafiya muna kan aiki. Ta gwajin ga ta:

```
@Configuration
class SakoNaGwajiConfig {
    @Bean
    @ConditionalOnMissingBean
    MaiAikaSako sakoZuwaLog() {
        return new SakoZuwaLog();
    }
}
```

Ta gasken wani `@Bean` ne (metod da ke ƙera abin da Spring zai riƙe wa manhaja) a wani kilas daban cikin fakej `sms`, kuma tana tashi ne idan an saka mabuɗin kamfanin a saiti. Komai lafiya lau har jiya da aka gyara zaman fayiloli, aka ɗauke wannan kilas daga fakej `util` zuwa `common`. Ko layi ɗaya ba a taɓa a cikinsa ba. Yanzu manhaja ta ƙi tashi a saba, tana cewa "required a single bean, but 2 were found". Ai da `@ConditionalOnMissingBean` cewa na yi idan babu wani a yi wannan, kuma ga wani nan. Ina matsalar take?

Nura Jos:
Wa alaikumus salam. Ɗora `@Primary` a kan ta gasken don ita za a zaɓa idan an samu biyu, za ta tashi yanzu-yanzu.

Ɗan Kurna:
Na ɗora, ta tashi, na gode Yaya Nura. Amma hankalina bai kwanta ba. Ta gwajin tana nan ana ƙera ta alhali bai kamata ta wanzu ba sam. So nake na san dalili.

Injiniya Rabi:
Ka yi daidai da ba ka tsaya nan ba, ƙanena. `@Primary` ya rufe ciwon ne, bai warkar da shi ba.

Abin da kake zato shi ne Spring yana tattara komai tukuna, ya ga duk abin da manhaja ta ƙunsa, sannan ya waiwayo ya duba sharuɗɗa. Ba haka yake yi ba. Yana bin kilas-kilas na saiti ne ɗaya bayan ɗaya yana rubuta bayanin kowane `@Bean` a rajista. Idan ya iso kan mai sharaɗi, nan take yake tambaya: a cikin abin da na riga na rubuta zuwa yanzu, akwai `MaiAikaSako`? Idan babu sai ya rubuta naka ya wuce, kuma ba ya dawowa ya sake tambaya. Kamar littafin sa hannu ne na ofis: wanda ya fara zuwa da sassafe ya tarar da shafi fari, wannan bai nuna cewa babu wanda zai zo bayansa ba.

Da kilas ɗinka yana `util`, laluben fakej (bin fakej-fakej da Spring ke yi yana neman kilas-kilas) yana cin karo da `sms` kafin ya iso gare shi, don haka sharaɗin yana tarar da ta gasken a rubuce sai ya janye. Yanzu `common` ya riga `sms`. Sharaɗin ya duba, bai ga kowa ba, ya rubuta ta gwaji. Daga baya ta gasken ta iso, kuma ita babu abin da ya ce mata ta duba ko an riga ta. Ga biyu ke nan. A aikace laluben yakan bi jerin sunaye, amma Spring bai taɓa yi maka alkawarin wannan jeri ba. Tun farko a kan sa'a kod ɗin yake tafiya.

Su kansu masu Spring Boot sun rubuta a bayanin wannan alama cewa tana iya ganin abin da aka riga aka sarrafa ne kawai, shi ya sa suka ba da shawara mai ƙarfi a yi amfani da ita a kilas-kilas na saitin kai-tsaye (auto-configuration, saitin da Boot ke shigowa da shi da kansa) kaɗai.

Abba Sabon Gari:
Anti Rabi, da izininki ban gamsu ba. Ni ina da irin wannan tsarin a aikina, na gwaji mai `@ConditionalOnMissingBean` yana cikin fakej da sunansa ya fara da "a", na gaske yana can ƙasa, kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Idan jeri ne ke yanke hukunci, ai da nawa ya fashe tuntuni.

Injiniya Rabi:
Na gasken naka yaya aka ayyana shi? Da `@Bean` ko da `@Service` a kan kilas ɗin kansa?

Abba Sabon Gari:
`@Service` ne.

Injiniya Rabi:
To ga amsar nan. Aikin zango biyu ne, kuma Spring ya ba su suna a cikin `ConfigurationCondition`: `PARSE_CONFIGURATION` da `REGISTER_BEAN`. A zangon farko `ConfigurationClassParser` yana karanta kilas-kilas, yana bin `@Import`, yana yin laluben fakej. Duk kilas ɗin da laluben ya tsinto mai `@Component` ko `@Service` ko `@Repository`, a lokacin ake rubuta shi a rajista. Amma metod masu `@Bean` ba a rubuta su a wannan zango, ana dai lura da su a ajiye. Sai an gama karatun gaba ɗaya sannan zango na biyu ya fara rubuta su, kilas bayan kilas.

Sharaɗin da ke bayan `@ConditionalOnMissingBean` da `@ConditionalOnBean`, wato `OnBeanCondition`, ya ayyana kansa a matsayin na zango na biyu. Naka, Abba, tun zangon farko ya shiga rajista, don haka duk inda na gwajin ya zauna zai gan shi. Na Ɗan Kurna kuwa duka biyun 'yan zango na biyu ne, sai wanda ya riga wani. Ranar da wani abokin aikinka ya mayar da `@Service` ɗin nan `@Bean` don yana son ya ba shi wani saiti, za ka ga abin da Ɗan Kurna ya gani.

Abba Sabon Gari:
Na fahimta yanzu. Allah ya ƙara ilimi.

Malam Auwalu:
Rabi ta yi bayani mai kyau. Bari na ƙara daga baya kaɗan, don idan mutum ya san yadda abin ya samo asali zai daina ganin alamar tamkar tana da laifi.

`@Profile`, mai kunna saiti gwargwadon muhallin da aka zaɓa, ya zo a Spring 3.1, shekarar 2011. A Spring 4.0, ƙarshen 2013, aka kawo `@Conditional` da intafes ɗin `Condition`, mai metod ɗaya tal: `matches`, a ba shi mahallin da ake ciki da bayanin abin da aka ɗora wa alamar, ya ce e ko a'a. Shi kansa `@Profile` a lokacin aka sake gina shi a kan wannan. Spring Boot 1.0 ya fito a Afrilun 2014, kuma duk abin da mutane ke kira sihirin Boot a kan metod ɗin nan yake tsaye.

To me ya sa sharuɗɗan Boot ba sa faɗawa ramin da Ɗan Kurna ya faɗa? Kai ka rubuta `DataSource` naka ko `ObjectMapper` naka, na Boot ya janye, kullum, duk sunan fakej ɗin da ka zaɓa. Dalili shi ne `AutoConfigurationImportSelector`, wanda ke shigo da saitin kai-tsaye, irin `DeferredImportSelector` ne. Ana jinkirta shi har sai an gama karanta duk kilas-kilas ɗinka, don haka nasu ne a ƙarshen layi, kuma idan aka zo rubutawa naka sun riga sun shiga. Alamar ba ta da wata dabara ta hangen gaba. Wurin zamanta a layi aka tsara mata.

A tsakanin junansu ma ba su bar abin ga sa'a ba. Ana jera su da haruffan suna, sannan da `@AutoConfigureOrder`, sannan da wanda ya ce a sa shi gaban wane ko bayan wane. `JdbcTemplateAutoConfiguration` ya faɗa ƙarara cewa bayan `DataSourceAutoConfiguration` yake, domin sharaɗinsa yana neman `DataSource` ɗaya tak, kuma da zai riga shi da bai ga komai ba.

Shawarata: ka mayar da kilas ɗinka saitin kai-tsaye na gaskiya. Ka canja `@Configuration` zuwa `@AutoConfiguration`, ka rubuta cikakken sunansa a fayil ɗin `META-INF/spring/org.springframework.boot.autoconfigure.AutoConfiguration.imports`. Wannan fayil ya zo ne a Boot 2.7 a 2022, kuma daga 3.0 an daina karɓar rajistar saitin kai-tsaye ta tsohon `spring.factories`, don haka kada ka bi tsofaffin darussan da ke cewa ka sa a can. Ka kuma fitar da kilas ɗin daga fakej ɗin da ake lalube.

Hajara Backend:
Malam, bayaninka gaskiya ne, amma shawarar ban yarda da ita ba a wannan wuri, kuma ina so Ɗan Kurna ya ji dalilina kafin ya taɓa kod.

Ku dubi abin da tsarin ke cewa: idan babu mai tura saƙo na gaske, a rubuta a log. Yau wani ya kafa sabuwar saba ya manta bai saka mabuɗin kamfanin ba. Me zai faru? Manhaja za ta tashi lafiya, ba kuskure, ba jan rubutu. Malamai su shigar da sakamako, allo ya nuna an tura, iyaye suna gida suna jiran saƙon da ba zai zo ba. Sai wani uba ya zo makaranta da kansa ya tambaya sannan a gane. Wannan ya fi kuskuren jiya muni nesa ba kusa ba. Kuskuren jiya aƙalla ya yi kuka tun a bakin ƙofa.

`@ConditionalOnMissingBean` na mai rubuta laburare ne, wanda bai san wa zai yi amfani da kayansa ba, don haka dole ya ajiye wani abu na ko-ta-kwana. Kai kuwa manhajarka ce, ka san hanyoyinka biyu ne, ka san inda kowace za ta yi aiki. Ka faɗa da bakinka:

```
@ConditionalOnProperty(name = "sako.hanya", havingValue = "sms")
@ConditionalOnProperty(name = "sako.hanya", havingValue = "log")
```

Na farko a kan ta gasken, na biyu a kan ta log, kuma kada ka sa `matchIfMissing` a kan ta log. Idan ba a faɗi hanya ba, manhaja ta ƙi tashi. Irin wannan sharaɗi ba ruwansa da wa ya riga wa, don ba rajista yake dubawa ba, saiti yake dubawa, kuma `application.properties` an riga an loda shi tun kafin a fara karanta kilas ko ɗaya.

Malam Auwalu:
Wannan magana ce mai nauyi, Hajara, kuma a kan manhaja guda ɗaya ina tare da ke. Inda zan tsaya a kan bakana shi ne idan kod ɗin tura saƙon zai zama jar, wato ƙunshin kod na Java, da manhajoji uku ko huɗu za su riƙa ja. Nan kin zama mai laburare ko kin so ko ba ki so ba, kuma tilasta wa kowa ya san sunan saitinki kafin ya iya tayar da gwaji wahalarwa ce.

Hajara Backend:
Ko a nan, Malam, zan so abin ko-ta-kwanan ya zama mai ƙin aiki da babbar murya, ba mai yin shiru ba. A saitin adana bayanai na wucin gadi ko tsara JSON, madadi mai shiru ba ya cutar da kowa. A saƙo ko biyan kuɗi yana cutarwa.

Gargaɗi ɗaya a kan hanyar tawa, don kada na ɓoye: na ce saiti yana riga komai, amma ban da wanda aka shigo da shi ta `@PropertySource`. Shi ana ƙara shi ne a lokacin da ake karanta kilas ɗin da ke ɗauke da shi. Idan ka ɗora `@ConditionalOnProperty` a kan kilas, kuma ƙimar da yake nema tana cikin fayil ɗin da shi wannan kilas ɗin zai shigo da shi, sharaɗin ake fara aunawa, don haka ba zai gan ta ba.

Nura Jos:
Ni tambayata, me ya hana a sa `@DependsOn` ko `@Order` a wuce wurin? Kuma `@Primary` ɗin da na faɗa ai yana aiki.

Injiniya Rabi:
`@DependsOn` maganar lokacin ƙerawa yake yi: a ƙera wancan kafin wannan. Sharuɗɗa kuwa an gama da su tun ba a ƙera komai ba, lokacin rajista ce kawai ke hannu. Shi ya sa ma duk wanda zai rubuta `Condition` nasa ake hana shi neman abin da aka ƙera daga ciki, don zai tilasta a ƙera shi kafin lokacinsa, kafin a gama shirya masu sarrafa shi. `@Order` a kan `@Bean` kuma jerin da za su fito yake gyarawa idan ka nemi `List` nasu. A kan kilas ɗin da laluben fakej ya tsinto ma kada ka dogara da shi ya gyara maka jerin rajista.

`@Primary` yana aiki, amma ka san me ka saya: duka biyun suna nan, zaɓi kawai aka yi a wurin da ake neman ɗaya. Spring 6.2, wanda ya fito a Nuwamban 2024, ya kawo kishiyarsa, `@Fallback`, da ake ɗorawa a kan madadin maimakon a kan na gaske. Ya fi tsabta, kuma ba ya damuwa da jeri don a lokacin haɗa kaya ake duba shi. Amma shi ma ba ya hana ƙerawa. Duk wanda ya nemi `List<MaiAikaSako>` zai samu duka biyun.

Ɗan Kurna:
Akwai hanyar da zan ga abin da sharaɗi ya yanke da idona, ba sai na yi ta hasashe ba?

Malam Auwalu:
Akwai. Ka tayar da manhajar da `--debug`, ko ka sa `debug=true` a saiti. Za ta buga rahoto mai kanun CONDITIONS EVALUATION REPORT: waɗanda sharaɗinsu ya cika, waɗanda bai cika ba, waɗanda aka cire da gangan, da marasa sharaɗi. Ka nemi `sakoZuwaLog` a ciki. Za ka gan shi cikin waɗanda suka cika, da dalili a gefe cewa an nemi irin wannan ba a samu kowa ba. Idan kana da Actuator, ɓangaren Boot mai nuna halin da manhaja ke ciki, `/actuator/conditions` yana ba da irin wannan bayani bayan ka buɗe shi, amma kada ka bar shi a buɗe ga duniya.

Sadiya K:
Ina bin muhawarar nan tun farko ina ƙaruwa. Tawa tambayar a kan `@ConditionalOnClass` ce, mai duba ko akwai wani kilas kafin saiti ya yi aiki. Ana rubuta sunan kilas a ciki kai-tsaye, `Wani.class`. Idan laburaren ba ya nan, ai Java ya kamata ya faɗi tun wurin karanta alamar. Yaya ake tsallake wannan?

Injiniya Rabi:
Tambaya mai kyau, ƙanwata. Spring ba ya loda kilas ɗin saiti don ya karanta alamominsa. Yana buɗe fayil ɗin `.class` ne da laburaren ASM ya karanta shi a matsayin bayanai, don haka `Wani.class` a wurinsa suna ne kawai a rubuce. Sai ya tambaya ko akwai mai wannan suna. Idan babu, ya watsar da kilas ɗin saitin gaba ɗaya ba tare da JVM ya taɓa loda shi ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗora alamar a kan metod na `@Bean` wanda abin da yake mayarwa daga laburaren da babu ne. Kilas ɗin da ke ɗauke da metod ɗin ba shi da sharaɗi, don haka za a loda shi, kuma da zarar an leƙa metod-metod ɗinsa sai a ci karo da nau'in da babu, ga `NoClassDefFoundError`. Maganin shi ne ka ware wannan `@Bean` a ƙaramin kilas na saiti nasa, ka ɗora sharaɗin a kan kilas ɗin. Idan ka buɗe kod ɗin Boot za ka ga ƙananan kilas-kilas cikin manya ko'ina, wannan na cikin dalilansu.

Tunda mun zo kan abin da metod ke mayarwa, Ɗan Kurna ka lura da wannan. `@ConditionalOnMissingBean` da ba a rubuta masa komai ba, nau'in da metod ɗin ya ce zai mayar shi yake nema. Naka ya ce `MaiAikaSako`, daidai ne. Da ka rubuta `SakoZuwaLog` a wurin, da tambayar ta zama ko akwai wani `SakoZuwaLog`, amsa kuma kullum babu. Haka ta ɗaya gefen: tunda ba a ƙera komai ba tukuna, sharaɗi yana sanin nau'in wani `@Bean` ne daga abin da metod ɗinsa ya ayyana, ba daga abin da zai fito a ƙarshe ba.

Abba Sabon Gari:
Mun taɓa ɗora `@ConditionalOnBean` a kan kilas mai `@ComponentScan`, bayan ɗaga siga manhaja ta ƙi tashi. Yana da alaƙa da wannan?

Malam Auwalu:
Shi ne dai. Lalube na zangon farko ne, sharaɗin na zango na biyu. A da can, saboda laluben, ana auna sharaɗin ne da wuri, tun ba a rubuta metod masu `@Bean` a rajista ba, don haka amsarsa ba abin dogaro ba ce, shiru kawai ake yi. Daga Spring 6.2 suka ce gara a ƙi tashi a faɗa wa mutum gaskiya.

Wani abu kuma ga masu sha'awar GraalVM. Tun Boot 3.0, idan za ka haɗa manhaja ta zama fayil mai tashi da kansa, ana auna sharuɗɗan ne a lokacin haɗawa, a rubuta sakamakon cikin kod. Hanyar Hajara a nan tana buƙatar kula: idan ka haɗa da `sako.hanya=log`, canja shi zuwa `sms` a saba ba zai haifar da `@Bean` ɗin da ba a rubuta ba.

Hajara Backend:
Haka ne. A wannan hali sai a yi `@Bean` ɗaya mara sharaɗi, a karanta saitin a cikinsa, a zaɓa da `switch` na Java, a jefa kuskure idan ƙimar baƙuwa ce.

Ɗan Kurna:
Na bi hanyar Anti Hajara tunda manhaja ɗaya ce kuma jar muke turawa. Na cire `@Primary` da `@ConditionalOnMissingBean`, na sa `sako.hanya`. Na goge ƙimar don gwaji, manhaja ta ƙi tashi tana cewa ba ta samu `MaiAikaSako` ba, kamar yadda ake so. Saura na rubuta gwajin da zai kama wanda zai ɓata wannan nan gaba. Dole sai na tayar da manhajar gaba ɗaya da `@SpringBootTest` sau uku?

Injiniya Rabi:
A'a, yi amfani da `ApplicationContextRunner`, yana nan tun Boot 2.0 kuma don irin wannan aka yi shi. Ka ba shi kilas biyun da `withUserConfiguration`, ka ba shi ƙima da `withPropertyValues("sako.hanya=sms")`, a cikin `run` ka tabbatar da `hasSingleBean(MaiAikaSako.class)` kuma `doesNotHaveBean(SakoZuwaLog.class)`. Ka maimaita da `log`. Na ukun kada ka ba shi ƙima ko ɗaya, ka tabbatar babu `MaiAikaSako` sam. A gwajin `sms` ka tuna ka saka masa mabuɗin bogi, in ba haka ba zai faɗi a kan rashin mabuɗi kafin ya kai ga abin da kake son aunawa.